DDU, manhajar da ta hana ni canza sikirin ɗin laftof a banza

Ni dai aikina zanen katin biki ne da fosta da kalandar makarantun islamiyya, da CorelDRAW nake ci nake sha, saboda haka duk abinda ya taɓa sikirin ɗin laftof ɗina to ya taɓa tukunyar gidana kai tsaye. HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu na saye ta, Core i5 ƙarni na 6, kuma gaskiya ta yi min aiki ba ƙarya. Yau inaso in faɗi ra'ayina akan wata ƴar ƙaramar manhaja mai suna Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU, don wallahi ba don ita ba da tuni na zubar da kuɗi akan abinda lafiyarsa ƙalau.

Farkon abin, laftof ɗin ce ta fara nauyi sai na kaita wajen wani mai gyara a kasuwa akan ya yi mata fomatin. Ya yi, ya ɗora Windows 10 sabuwa, sannan ya jona had dis ɗinsa na waje ya kunna irin manhajar nan mai tarin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da sassan kwamfuta, da ke dubawa ta ɗora komai da kanta, kana zaune kana kallo tana cika layi. Minti talatin ya ce Alhaji an gama. Na biya na tafi gida ina murna.

Kwana biyu ba a yi ba ta fara abinda ban saba gani ba. Ina cikin jan zane sai sikirin ya yi baƙi ɗif kamar an ɗauke wuta, daƙiƙa biyu ko uku ya dawo, wani lokacin ya dawo amma Corel ta rufe da aikin da ban ajiye ba. In na kunna bidiyo sai ya dinga ƙyafta ido. Rana ta huɗu kuma sai shuɗin sikirin ɗin nan mai fuskar ɓacin rai, da rubutu VIDEO_TDR_FAILURE, a ƙasa kuma igdkmd64.sys, wanda ashe sunan fayil ɗin direban girafik na Intel ne. Na ɗauke shi a hoto da waya, kuma wannan hoton ya yi min rana daga baya, don haka duk wanda shuɗin sikirin ya fito masa dan Allah ya ɗauka kafin ya ɓace.

Na koma wajen mai gyara. Ya danna nan ya danna can, ya cire wani abu, baƙin ya daina zuwa amma sai aka shiga wata sabuwa. Komai ya zama ƙato kuma ya baje, rubutu ya yi kauri ya dushe, in na zana da'ira sai ta fito kamar ƙwai a kwance. Ka yi tunanin mai zanen kati da ba zai iya yarda da idonsa ba, tambarin makaranta zagayayye amma a gabana kamar an zauna a kansa. Hasken sikirin ya maƙale a ƙarshe, maɓallin rage haske ya daina aiki kwata kwata, batirin da ke kai ni awa uku ya koma ƙarewa tun kafin in gama fosta ɗaya, a garin da wuta sai an ga dama. Na jona majigi ta ramin VGA don in nuna wa wani kwamitin makaranta kalandarsu, laftof ɗin ta yi kamar bata san an jona komai ba. Da na sake komawa sai ya ce min Alhaji ai sikirin ɗin ne ya fara tafiya, ko kuma girafik ɗin, wato sashen da ke tura hoto zuwa sikirin, ya ƙone a bod, a fara canza sikirin a gani. A gani fa! Da kuɗina.

Ɗan yayata ne ya zo gaishe ni ranar Juma'a, yana karatun kwamfuta, na ba shi labari ina nuna masa ƙwan da ya kamata ya zama da'ira. Ko karɓar laftof ɗin bai yi ba ya ce Kawu kashe ta ka kunna, kana kunnawa ka dinga danna F10. Na shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows ta tashi, shafin ya fito tas, ba layi ba ƙyaftawa ba komai. Ya ce Kawu in sikirin ne ya lalace to a nan ma sai ka ga lalacewar, don a nan Windows bata ma tashi ba balle direbanta. Maganar ta zauna min sosai saboda hankali ya kama ta. Sikirin bai san ko Windows ce a kai ko BIOS ba, abinda aka turo masa shi yake nunawa.

Sannan ya sa na danna maɓallin Windows da X tare, na zaɓi Device Manager, na buɗe inda aka rubuta Display adapters. Abinda ke wurin shine Microsoft Basic Display Adapter. Wannan sunan duk wanda ya ganshi a kwamfutarsa ya sani ba direbansa na gaskiya bane a kai, na wucin gadi ne da Windows ke sakawa don kawai ka samu ganin gabanka, kamar safaya taya ce, zata kai ka wajen faci amma ba a tafiya Abuja da ita. A Windows 7 sunansa Standard VGA Graphics Adapter. Shi yasa sikirin ɗina da aka ƙera akan 1920x1080 ya koma 1024x768, wato hoto mai kusan murabba'i aka ja shi aka baje a faffaɗan sikirin, nan ƙwan ya samo asali. Shi yasa haske baya raguwa, shi yasa majigi bai kama ba. Duk abu ɗaya ne.

To a nan ne wajen da nake ganin yafi komai amfani a duk abinda na koya, yama fi ita DDU ɗin kanta. Yadda zaka san ainihin girafik ɗin da ke cikin na'urarka ba tare da ka yi canke ko ka dogara da sitikar da ke jikinta ba. Ka danna wannan Basic Display Adapter ɗin sau biyu, ka je Details, a jerin ka zaɓi Hardware Ids. Zaka ga wani dogon rubutu, nawa ya fara da PCI\VEN_8086&DEV_1916. Lamba huɗun da ke bayan VEN sunan kamfanin ne, 8086 Intel kenan, 10DE na NVIDIA ne, 1002 kuma AMD. Huɗun da ke bayan DEV kuma su ne ainihin samfurin, 1916 shine Intel HD Graphics 520. Da 0166 ne to HD 4000 kenan irin na tsofaffin ƙarni na 3, 0A16 HD 4400, 5916 HD 620. Wannan lambar daga jikin ƙarfen take fitowa, ko ba direba ko ɗaya a kai zata nuna, kuma bata ƙarya. Ka kwafe ta ka saka a Google zaka ga sunan. Mutum ya yi shekaru yana taɓa kwamfuta amma bai san katin shaidarta na nan a saƙale ba.

Na ce to shikenan ai sai mu sauke direban HD 520 mu ɗora. Muka ɗora, ƙwai ya koma da'ira, na yi hamdala, washegari da hantsi baƙin sikirin ya dawo. A nan raina ya ɓaci sosai don na fara tunanin ko maganar mai gyaran ce gaskiya. Na kira yaron a waya ya ce Kawu ragowar tsohon ne bai fita ba. Ashe in ka cire direba ta hanyar da aka saba, ba duka yake fita ba, Windows na ajiye kwafinsa a wata folda a cikin System32 mai suna DriverStore, ga kuma saituttukansa da ke zaune a rajistarta, wato ma'ajiyar saitin Windows, to sabo ya zo ya tarar da kayan tsoho a ɗaki, wani lokacin ma Windows ta koma ta ɗauko wancan ɗin da ta ajiye ta mayar. Kamar ka zuba sabuwar miya ne a tukunyar da ta kwana da wadda ta yi tsami baka wanke ba. Ya ce ka sauke DDU.

Ita DDU kyauta ce, Wagnardsoft ne ke yinta, kuma a shafinsu na sauke, ana samunta a Guru3D ma. Ƴar mitsitsiya ce, megabait kaɗan, ko da ragowar data zaka sauke ta. Aikinta ɗaya tak, ta share direban girafik na Intel ko NVIDIA ko AMD tun daga saiwa, fayil da folda da rajista da kwafin da aka ɓoye. Bata kawo maka sabon direba, bata duba maka wanne ya dace da kai, bata gyara komai da kanta, tsintsiya ce kawai. Na nanata wannan saboda na ga wanda ya kunna ta ya share sannan ya zauna yana jiran ta ɗora masa sabo. Kafin ka taɓa ta sai sabon direbanka na zaune a kan kwamfutar ka riga ka sauke shi.

Ni daga shafin HP na ɗauko nawa a karo na biyun, na saka samfurin laftof ɗin, na zaɓi Windows 10 mai 64 bit, na shiga sashen girafik, fayil ɗinsu da sp yake farawa sai lambobi. Shi kam yana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, da datar dare na sauke shi bayan sha biyu. Ra'ayina ga mai laftof, ya fara da na kamfanin da ya ƙera laftof ɗin kafin na Intel kai tsaye, saboda su ne suka gwada shi da wannan sikirin ɗin da waɗannan maɓallan hasken. Mai Dell ya duba Service Tag a ƙarƙashinta ya saka a shafinsu, zai kai shi kan tasa daidai. A tsofaffin na'urori ma in ka matsa sai na Intel, wani lokacin zai ƙi hawa ya rubuto maka cewa ba a tantance wannan direban don wannan kwamfutar ba, ka nema wajen wanda ya ƙera ta.

Yadda muka yi, yana waya ina dannawa. Na farko na kashe wayfay gaba ɗaya, dalili kuwa da zarar Windows ta farka ta ga ba direba kuma akwai intanet zata je ta ɗauko nata ta saka kafin ka ɗora naka, ka ga an koma gidan jiya. Sai na riƙe Shift na danna Restart, shuɗin shafi ya fito, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ta sake tashi na danna 4, na shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai. A can ake so a kunna DDU saboda a lokacin direban baya kan aiki, ba fayil ɗin da zai ce a riƙe nake. Abu biyu da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya shiga, ya tabbata ya tuna ainihin kalmar sirrinsa ba lambar PIN kaɗai ba don a Safe Mode tana iya neman kalmar, kuma in an kunna BitLocker, wato makullin had dis na Windows, a kwamfutar ya nemo makullinta mai lamba 48 ya rubuta a takarda, musamman masu laftof ɗin ofis.

Fuskar manhajar ba wani ado, a dama ka zaɓi GPU wato girafik, ƙarƙashinsa ka zaɓi Intel, a hagu manyan maɓallai uku. Clean and restart shine na irinmu. Akwai wanda zai share bai sake tayar da ita ba, akwai kuma Clean and shutdown na masu destof da zasu zare kati su saka wani, misali yaran nan masu gem da ke tashi daga AMD su koma NVIDIA, su ne ma suka fi kowa saninta. Na danna na farko, rubutu ya dinga gudu a ƙasa tana faɗin abinda take cirewa, kuma kafin ta fara sai da ta ajiye wurin komawa na Windows ko da wani abu zai karkace, wannan ya kwantar min da hankali. Minti biyu zuwa uku ta kashe ta kunna kanta.

Da ta tashi komai ya koma ƙato, ƙwan ya dawo. Kar wannan ya tsorata kowa, alama ce ta sharar ta yi. Na kunna fayil ɗin HP, ana cikin ɗorawa sikirin ya ƙyafta sau biyu sai kawai rubutu ya tsuke ya yi siriri ya fito fes. Na sake ristat, na leƙa Device Manager, Intel HD Graphics 520 zaune ba alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefensa. Na danna maɓallin rage haske ya ragu, wallahi sai da na yi ta dannawa sama da ƙasa don daɗi. Sannan na kunna wayfay. Yau wata na biyar kenan baƙin sikirin bai sake leƙo ni ba ko sau ɗaya, majigi na kamawa, batir ya dawo yadda na san shi, kalandar makarantar nan ma an buga an raba.

Abinda yafi burge ni da ita bayan aikin shine bata da kwaɗayi. Bata ce in biya kafin ta ƙarasa ba, bata cusa min wata burauza ko wani abin kashe bairos da ban nema ba, bata zauna tana tashi tare da kwamfuta tana cin data ba. Ka gama da ita ka goge foldar shikenan. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da irin manhajojin nan da zasu ce maka direbobinka 27 sun tsufa da jan rubutu, ka danna gyara su ce kawo kati, ya san me nake nufi. Direban da ke aiki lafiya ba ruwansa da tsufa.

Inda nake ganin ba kowa zata yiwa sauƙi ba shine maganar Safe Mode ɗin nan, ga wanda bai saba ba hanyar tana da ɗan tsayi, kuma a shafin zaɓuɓɓukanta akwai akwatuna da yawa da in baka gane su ba gara ka barsu yadda ka same su. Akwai ɗaya mai hana Windows saukar da direbobi da kanta, in ka kunna shi to ka tuna ka kunna, kar wata rana ka jona sabuwar firinta ka rasa dalilin da yasa taƙi kamawa. Kuma ba abin yi kullum bace, ba wai duk sabon direba sai ka yi DDU ba. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, fara gwada Roll Back Driver a Device Manager, dannawa ɗaya ne ya mayar da kai na baya. In sikirin ne ya daskare sau ɗaya kawai, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, zaka ji ƙara ɗan kaɗan ya ƙyafta ya farfaɗo. Sai waɗannan sun gaza ake ɗauko tsintsiya. A cikin biyar na bata huɗu da rabi.

Tun daga lokacin mutum uku suka kawo min nasu don sun ji labari, kuma ɗaya ce kawai DDU ta yiwa magani, wata Dell mai girafik biyu, Intel da NVIDIA, ita sai da muka share duka biyun sannan muka fara ɗora na Intel kafin na NVIDIA, haka ake jera su. Ta biyun tsohuwar EliteBook 8460p ce ta maƙocina mai HD 3000, irin na 2011, ita Intel bata fitar mata da direban Windows 10 a shafinta ba, nata ta Windows Update yake zuwa, muka jona intanet muka barta ta ɗauko da kanta ya hau lafiya, ba abinda aka share. Ta ukun kuwa ina buɗe BIOS naga layuka tsaye ja da kore, in ka motsa murfin su canza, muka jona ta da talabijin hoto ya fito garau. Na ce masa ɗan uwa wannan ba direba bane, wayar da ta ratsa ta maƙogwaron murfin ce ko shi sikirin ɗin, kai ta wajen mai gyara na kirki. Don akwai su, ban ce duk masu gyara haka suke ba, da yawansu sun san aikinsu fiye da ni nesa ba kusa ba, sauri da yawan layi ne ke sa a kunna manhajar nan mai ɗora komai a wuce wajen.

Wani abin da ya kamata masu irin laftof ɗina su sani, tun 2022 Intel ta mayar da girafik ɗin ƙarni na 6 zuwa na 10 sahun tsofaffi, ba a yi musu sabbin abubuwa sai gyaran da ya zama dole, Windows 10 kuma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 840 G3 bata cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su a hukumance don daga ƙarni na 8 aka fara. To direban da ya zauna min lafiya yanzu bana son in sake neman sa. Yaron ya nuna min in buɗe Command Prompt a matsayin admin in rubuta pnputil /export-driver * sai sunan foldar da nake so, ta kwashe duk direbobin da ke kai ta zuba a ciki. Na kwafe foldar a filash tare da fayil ɗin HP da ita DDU ɗin, na rubuta 8086 da 1916 a ƴar takarda na manna a jikinsa, yana cikin aljihun jakar laftof ɗin.